Batirin Waya Da Matsalar Caji: Laifin Janareta Ne Ko Na Zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Zariya. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da na sayi wayata sabuwa, batirinta mAh 5000 ne (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa), kuma a farko takan kai ni kwana biyu kafin in nemi caji. Yanzu idan na cire ta a cike da safe ba ta kai la'asar, wani lokaci ma tana kan kashi 25 sai ta mutu. Cajin kansa ya zama aiki, sai na jujjuya igiyar kafin ya kama, kuma yakan ɗauki sa'o'i. Wasu abokan aikina sun ce cajin janareta da nake yi a shagon masu caji ne ya kashe batirin, wasu kuma sun ce barin ta da nake yi a jone har safe idan an kawo wuta da dare. Wanne ne gaskiya, kuma canjin batir zai magance matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana ba ciwo ɗaya ba ne, ciwo biyu ne suka haɗu a waya ɗaya, kuma kowanne da maganinsa daban. Mutuwar da take yi tana kan kashi 25 alama ce ta batir ya tsufa, jujjuya igiya kuwa babu ruwansa da batir, matsala ce ta igiyar ko ta bakin cajin. Na daɗe ina gyaran waya a nan Zariya, tun lokacin da ake ɓalle murfin baya a zare batir da hannu, kuma a iya abin da na gani, yawancin laifin da ake ɗora wa janareta da cajin dare an bar jaki ne ana dukan taiki. Babban abin da ke kashe batir kafin lokacinsa a garin nan shi ne zafi.

Batirin da ke cikin kowace wayar zamani na lithiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991, kuma mutane ukun da suka aza harsashinsa, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2019 saboda shi. A cikinsa akwai ɓangarori biyu da wani siririn shamaki ya raba, ɗaya na girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, ɗayan kuma na wani haɗin ƙarfe mai ɗauke da lithiyam, sannan akwai ruwan sinadari da ya jiƙa su. Idan ana caji, ƙwayoyin lithiyam sukan ƙaura zuwa ɓangaren girafait, idan kuma ana amfani da wayar sai su koma inda suka fito. Sai dai a kowace tafiya akwai 'yan ƙwayoyin da ba sa dawowa, sukan maƙale su zama wani ɓawo a jikin girafait ɗin, kuma wannan ɓawon yana yin ɓarna iri biyu: yana rage yawan wutar da batirin zai iya ajiyewa, yana kuma ƙuntata hanyar da wutar ke bi ta fita. Babu dabarar da za ta dawo da abin da ya riga ya maƙale, don haka duk wata manhaja da aka ce tana gyara batir ko tana dawo da ƙarfinsa, ƙarya ce.

Ana auna shekarun batir da zagaye. Zagaye ɗaya shi ne a cinye kashi 100 na caji, ko a zama ɗaya ko a gutsuttsure, ma'ana idan ka ci rabi yau ka cika, gobe ka sake cin rabi ka cika, zagaye ɗaya ke nan ba biyu ba. Kamfanin Apple, wanda yake bayyana nasa adadin a fili, ya ce an ƙera batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta domin ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1000. To mu yi lissafin taka wayar. Idan a shekarar farko kana caji sau ɗaya a kwana biyu, a ta biyu kuma kullum, ba ka wuce zagaye 550 da yawa ba. Da a ce yawan caji ne kaɗai ya ci batirin, da yanzu yana da kusan mAh 4000, kuma wayar da ta saba kwana biyu da 5000 bai kamata ta kasa kai la'asar da 4000 ba. Wannan giɓin shi ne yake nuna cewa akwai abin da ya gaggauta tsufan.

Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin da irin waɗannan sinadarai ke lalacewa. Apple ya rubuta cewa yanayin da ya fi dacewa da na'urorinsa shi ne tsakanin digiri 16 da 22 a ma'aunin Salshiyas, kuma zafin da ya haura digiri 35 yana iya yi wa batir lahani na dindindin, sauran kamfanoni ma gargaɗinsu bai yi nisa da haka ba, domin sinadarin iri ɗaya ne. Kai shaida ne cewa a watan Maris da Afrilu zafin rana a Zariya yakan haura digiri 35 tun kafin wayar ta ƙara nata. Caji kansa yana haifar da zafi, hasken fuskar waya yana haifar da zafi, neman sabis yana haifar da zafi, sannan rigar roba mai kauri da muke saka wa waya tana hana shi fita. Idan aka haɗa waɗannan da ɗakin kwano da ba shi da silin, ko aljihun wando a kan babur daga Sabon Gari zuwa Samaru da tsakar rana, ko gaban motar da aka kulle a rana inda zafi kan haura digiri 50, za ka ga batirin yana rayuwa ne watanni da dama a shekara a yanayin da ba a ƙera shi domin ya jure ba.

A nan ne maganar shagon caji ta shigo, kuma a nan ne abokan aikinka suke da rabin gaskiya. Ka duba yadda yawancin shagunan suke: rumfar kwano ce ko ƙaramar kwantena, wayoyi ashirin ko talatin an jibge su wata a kan wata, ko an kulle su a cikin durowa saboda tsoron ɓarayi, kowacce tana fitar da zafinta, janareta kuma yana huci a gefe. Sau nawa ka karɓi wayarka ka ji kamar an fito da ita daga tanda? Wannan zafin ne ya cuce ka, ba wutar injin ba. Dalili kuwa shi ne wutar janareta ba ta taɓa isa ga batir kai tsaye. Kan caja yakan karɓi wutar bango, wadda a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, ya mayar da ita bolt 5 ko 9, kuma idan ka karanta ɗan rubutun da ke jikin caja mai kyau za ka ga an rubuta cewa tana aiki da kowace wuta daga bolt 100 zuwa 240. Bayan haka akwai aisi, wato wani ɗan ƙaramin sashe mai sarrafa wuta, a jikin fanel ɗin waya, allon da kayan cikinta ke manne a kai, wanda ke sake tace wutar ya ba batir daidai abin da yake buƙata. Batirin bai san ko wutar daga janareta ta fito ko daga sola ko daga tashar Kainji ba.

Ba ina nufin janareta ba shi da haɗari ba ne. Haɗarinsa yana lokacin da ake tayar da shi, da lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana shiɗewa, da lokacin da aka kashe wani babban kaya kamar firji ko dutsen guga wutar ta yi tsalle, musamman ƙananan injina da ba su da abin daidaita wuta. Haka kuma lokacin da aka dawo da wuta bayan an ɗauke, da lokacin tsawa a damina. Abin da irin wannan tsallen yake ƙonawa shi ne caja, idan kuma cajar jabu ce sai ta miƙa bugun ga aisin caji na wayar. Saboda haka a bar inji ya daidaita na minti ɗaya ko biyu kafin a jona waya, a cire ta kafin a kashe shi, kuma idan hadari ya haɗu ana walƙiya a zare caja daga soket gaba ɗaya. Maganar da ake yi cewa cajin janareta ba ya daɗewa, a ganina tushenta biyu ne. Wayar da ta yi zafi takan rage saurin caji da kanta, tsohon batir kuma yakan nuna ya cika da wuri alhali bai ƙoshi ba. Sannan ranar da babu wuta ita ce ranar da babu talabijin, waya ce rediyo, ita ce fitila, ita ce abin kallon yara.

Cajin dare kuwa, tsoron da ake yi masa gado ne daga farkon zuwan wayar salula ƙasar nan a 2001, lokacin da wasu wayoyin ke amfani da batirin nikel, wanda ake ba da shawarar a riƙa ƙarar da shi kafin a sake caji. Waccan shawarar ba ta shafi lithiyam ba, hasali ma ƙarar da shi har waya ta mutu cutar da shi ne. Wayar zamani ba ta shan caji fiye da ƙima, da zarar batir ya kai iyakarsa, wato bolt 4.2 zuwa 4.45 gwargwadon irinsa, aisin yakan yanke wutar. Abin da ya rage na gaskiya a maganar shi ne batir ya fi saurin tsufa idan yana zaune a cike taf na tsawon lokaci, domin a nan ne sinadaransa suka fi takura, kuma idan zafi ya haɗu da wannan cikar ɓarnar takan ninku. Shi ya sa kamfanoni suka fito da dabaru: Apple ya sa wani tsari a 2019 da ke tsayar da caji a kashi 80 ya ƙarasa dab da lokacin da mutum ya saba tashi, Samsung ya sa saitin kare batir da ke tsayar da caji a kashi 85 ko 80, wasu wayoyin Android da dama ma suna da irinsa a cikin saitin batir.

Za ka ji ana cewa a riƙa ajiye caji tsakanin kashi 20 da 80. Shawarar daidai ce a kimiyyance, amma waɗanda suka tsara ta suna zaune ne a inda wuta ba ta yankewa. Mutumin da aka kawo wa wuta ƙarfe ɗaya na dare, bai kuma san ko za a sake kawowa jibi ba, ban ga dalilin da zai sa ya bar kashi 20 na cajinsa a banza ba, domin idan ya yi haka ƙarshenta wayar za ta mutu da rana, ya koma shagon caji inda zafi ke jiransa. Ni dai abin da nake gaya wa mutane shi ne su cika wayarsu idan ba su da tabbacin wuta, amma su kula da inda take kwana. Kada ta kwana a ƙarƙashin matashi ko a kan katifa, domin soso yana riƙe zafi. A cire mata riga, a ajiye ta a kan siminti ko tayil ko tebur inda iska ke kaɗawa. Wanda yake da sola a gida ko wuta a wurin aiki, shi ne ya kamata ya kunna tsayarwar kashi 80, domin ba zai yi asarar komai ba. Firji kuwa ba magani ba ne, wayar da ta fito daga sanyi zuwa zafi takan tara raɓa a cikinta, raɓar kuma ta ci fanel.

Yanzu ga dalilin mutuwa a kan kashi 25. Lambar da kake gani a saman waya ƙiyasi ce, ba awo ba ne irin na mudu. Na faɗa a baya cewa tsufa yana ƙuntata hanyar fitar wuta. Idan wayar tana zaune shiru, 'yar wutar da take ja ba ta da yawa, batirin yana iya bayarwa. Amma da zarar ka buɗe kyamara, ko kira ya shigo a inda sabis ba shi da ƙarfi, wayar takan nemi wuta mai yawa a lokaci guda, sai ƙarfin batirin ya faɗi ƙasa da abin da fanel ke iya aiki da shi, sai ta kashe kanta. Kamar rijiya ce mai ruwa amma idonta ya toshe, guga ɗaya a hankali za ta ba ka, amma idan aka zura injin ja sai ta ƙafe nan take. Wannan matsalar ce ta sa Apple ya amsa a ƙarshen 2017 cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone domin kada su riƙa mutuwa haka. Akwai abin da za ka iya gwadawa sau ɗaya: ka bar wayar ta ƙare har ta mutu, sannan ka caja ta ba tare da katsewa ba har ta cika. Wannan yana gyara lissafin lambar ne kawai, ba ya ƙara wa batir komai. Idan bayan haka ta ci gaba da mutuwa a kan 20 ko 30, batirin ya gama aikinsa.

Kafin ka kashe kuɗi dai, ka tabbatar ba wayar ce ta ƙara ci ba, domin wayar da ka saya shekara biyu da suka wuce ba ta ɗauke da nauyin da take ɗauke da shi yau. Ka shiga saitin batir ka ga jerin abubuwan da suka fi cin caji. A yawancin wayoyin da ake kawo mini, hasken fuska ne a sama, sai TikTok da Facebook da WhatsApp. Bayan su akwai wanda ba a cika lura da shi ba, wato raunin sabis. Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, ko tana cikin ɗaki mai kaurin bango irin na tsofaffin gidajen cikin Birni, takan ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi domin a ji ta, kuma idan layi biyu ne a ciki wahalar ta ƙaru. Haka nan raba data ga wasu wayoyi yana cin wuta sosai yana kuma kawo zafi. Gwajin da nake ba mutane mai sauƙi ne: da dare ka duba kashi nawa ne, ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka bar ta ba a jone ba har asuba. Idan kashi kaɗan ya ragu, biyu ko uku ko biyar, to cin yana wajen sabis da manhajoji. Idan kuwa ta zubar da kashi 20 ko fiye alhali ba ta yin komai, ko dai batirin ne, ko wata manhaja da ba ta barci, ko kuma wani wuri a fanel da ke zubar da wuta. Manhajojin da ake tura wa juna ta Xender ba tare da sanin asalinsu ba, da masu cewa suna share waya ko sanyaya ta, su ne na farko da nake gogewa. Baƙin launi a fuskar waya yana rage ci ne kawai idan gilashin irin AMOLED ne, a kan LCD bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ciwo na biyu, wato cajin da ba ya kamawa, ya fi araha magani, kuma abin takaici shi ne mutane da yawa sun canja batir a kansa ba gaira ba dalili. Ka fara da bakin cajin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna shiga ciki, kuma duk lokacin da ka soka igiya kana ƙara danna su ne, har su zama wani dunƙule a can ƙarshen ramin da zai hana kan igiyar shiga sosai. Alamarsa ita ce igiyar ba ta zama daram, taɓa ta kaɗan sai ta fita. Ka kashe wayar, ka haska ramin, ka yi amfani da tsinken sakace na itace ka zaƙulo dattin a hankali ba tare da ka danne harshen da ke tsakiya ba. Kada ka sa allura ko fil, domin ƙarfe yana iya haɗa ƙafafun da bai kamata su haɗu ba, garin neman gira a rasa ido. Idan ruwa ne ya shiga a damina, a bar ta ta bushe a inda iska ke ratsawa kafin a jona, binne ta a cikin shinkafa ba ya ƙara komai sai ƙurar shinkafar.

Idan ramin ya tsabtata matsalar ba ta tafi ba, ka ari igiya mai kyau ka gwada. Igiya ce ta fi komai saurin lalacewa, kuma ta arha tana da siririyar waya a ciki wadda ke cinye wutar a hanya. Lissafin a fili yake: igiyar da turjiyarta, wato yadda take tare wutar da ke bi ta cikinta, ta kai rabin om, idan wuta mai yawan amfiya 2 ta bi ta cikinta, bolt ɗaya cur zai ɓace, bolt 5 ya koma 4, ita kuma waya da ta ga haka sai ta rage abin da take ja. Batirinka na mAh 5000 yana ɗaukar wuta kusan wat 19 na awa ɗaya. Da cajar wat 10 zai cika cikin awa biyu da rabi zuwa uku, amma da bakin USB na tsohuwar kwamfuta mai ba da wat 2.5, ko igiyar da ta rage wutar zuwa kusan haka, sai ya kai awa takwas. Ka kuma sani cewa raguwar sauri daga wajen kashi 80 zuwa sama ba matsala ba ce, haka aka tsara domin a sassauta wa batir. Caja mai yawan wat ba ta ɗura wa waya wuta da ƙarfi, wayar ce ke neman abin da za ta iya ɗauka, amma cajin sauri ba ya aiki sai kan caja da igiya da waya sun yi magana da harshe ɗaya, shi ya sa cajar wat 33 ta wani kamfani za ta iya komawa wat 10 a wayar wani.

A kan caja ne kaɗai zan ce kada ka yi rowa, domin araha ba ta ado. Na buɗe cajoji jabu da yawa na ga tazarar da ke tsakanin wutar bango da wutar da ke zuwa hannun mutum ba ta kai kaurin farce ba. Alamominsu sanannu ne: ba su da nauyi, suna zafi har ba a iya riƙe su, wani lokaci suna ƙara siririya, kuma idan an jona waya sai fuskarta ta riƙa danna kanta ko ta ƙi jin yatsa. Duk cajar da ta yi maka haka, ka jefar da ita. Amfani da waya tana caji ba haɗari ba ne idan cajar mai kyau ce kuma hannu a bushe yake, illarsa dai ita ce zafin kallon bidiyo ko wasa yana haɗuwa da zafin caji.

Tun da matsalarka ta wuta ce, fawa bank zai fi maka shagon caji, domin shi zai sha wahalar shagon, wayar kuma ta yi caji a gida cikin sanyi. Sai dai kada lambar da ke jikinsa ta ruɗe ka. Mai mAh 10000 yana ɗauke da kusan wat 37 na awa ɗaya, kuma wani kaso yana ɓacewa a matsayin zafi wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5 da sake sauke ta a cikin waya, saboda haka irin wayarka zai cika ta sau ɗaya da rabi ne, ba sau biyu ba. Wanda ya yi ƙanƙanta da rashin nauyi amma aka rubuta masa 50000, rubutun ne kawai.

Idan ka share ramin, ka canja igiya, ka yi gwajin dare, kuma wayar ta ci gaba da mutuwa a kan kashi 25, to ka canja batir, kuma muddin fanel lafiya yake hakan zai dawo maka da yawancin abin da ka rasa a kuɗin da bai kai na sabuwar waya ba ko kusa. Akwai kuma halin da ba a jira a yi gwaji: idan murfin baya ya fara ɗagawa, ko gilashi ya ɓantaro daga gefe, ko wayar ba ta kwanciya daidai a kan tebur, batirin ya kumbura ke nan da iskar da ruwan sinadarinsa ya saki. A daina cajinsa nan take. Na ga waɗanda suke huda shi da allura wai su fitar da iskar, wannan wasa da wuta ne a zahiri, domin abin da ke ciki yana kamawa idan shamakin ya tsage. Lahani a ƙirar batir ne ya sa Samsung ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 bayan wasu sun kama da wuta, har kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita.

Idan ka je wajen mai gyara, a PZ ta nan Zariya ko a ina ne, ka nemi a nuna maka batirin kafin a saka. Ka duba lambar samfurinsa ta yi daidai da ta tsohon, ka duba ranar da aka ƙera shi idan an rubuta, domin batir yana tsufa ko da yana ajiye a kanti, kuma kada ka yarda da wanda girmansa ɗaya da naka amma aka rubuta masa mAh 7000 ko 8000. Ka nemi a ba ka wa'adin gwaji na 'yan kwanaki, a cikinsu kuma manhajar AccuBattery za ta iya ƙiyasta maka ainihin ƙarfinsa bayan caji uku ko huɗu. Tsohon batirin ka bar shi a hannun mai gyaran, ko ka manna salatif a kan bakinsa ka ajiye shi nesa da yara har ka sami mai karɓa, kada ya shiga bolar unguwa, tun da ka san ƙarshenta wuta ake cinna mata.